Bulon akirilik: an bar jaki ana dukan taiki

'Yan uwa masu buga hatimi a katin biki, takardar ƙunshin kyauta, jakar kilishi ko lambar kwalbar humra, akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa a tsakaninmu. Tawada ba ta da kyau. Hatimin jabu ne. Takardar ce ba ta karɓa. Wani lokacin gaskiya ne, amma sau da yawa an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya ɓata bugun shi ne ɗan bulon nan mai kama da gilashi da ake manna hatimi a jikinsa. Mutum zai kashe kuɗi a kan hatimi da tawada, idan aka zo kan bulo sai ya ce a ba shi kowanne. Ra'ayina shi ne bulo uku masu kauri da aka zaɓa da ido sun fi tarin goma masu sirantaka da ake sayarwa a leda guda.

Hatimi mai haske, wanda ake ganin takarda ta cikinsa, ba shi da mariƙin katako irin na ofis. Bayansa sumul ne, yana kama bulon da kansa ba tare da gam ba, kamar yadda jiƙaƙƙiyar leda ke kama madubi. Don haka bulon ke yin aiki uku a lokaci guda: shi ne mariƙi, shi ne tagar da kake leƙen inda hatimin zai sauka, shi ne kuma ke raba nauyin hannunka daidai a kan kowane harafi. Akirilik ɗin da ake yin bulon da shi roba ce mai tauri, wadda masu yin allon talla suka fi sani da Perspex ko Plexiglas. Tana barin kusan kashi 92 cikin 100 na haske ya ratsa, kuma nauyinta bai kai rabin na gilashi ba. Bulo mai santimita 10 da 15, kaurin milimita 12, bai wuce giram 215 ba. Gilashi ma hatimi na kama shi, amma ba na ba da shawararsa, domin ranar da ya suɓuce a kan siminti aiki ya tsaya, wataƙila har da yanka.

A fara da kauri. Duk bulon da bai kai milimita 8 ba, ban ga amfaninsa ga mai aiki kullum ba. Milimita 10 zuwa 12 shi ne daidai. Dalili biyu ne. Siririn bulo ba ya ba yatsu wurin kamawa, sai yatsun su zarce ƙasa su taɓa tawada, daga nan su taɓa kati. Na biyu, idan ya ɗan yi faɗi yana lanƙwasa a ƙarƙashin hannu. Inda yatsa ya danna ya fito baƙi ƙirin, inda babu yatsa ya fito fari-fari. Mai kallo zai rantse tawada ce ta bushe, alhali bulon ne ya lotsa. Idan an samu mai ɗan kwari a gefe inda yatsu ke zama, a ɗauka, hannu ba ya saurin gajiya idan katin ya kai ɗari biyu.

Sai girma, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Ka'idar ita ce bulo ya fi hatimi da kamar rabin santimita zuwa santimita guda ta kowane gefe. Idan bulon ya gaza, gefen hatimin da ya leƙo waje ba shi da abin da ke danna shi, ba zai fito ba. Wannan kowa na ganewa da wuri. Wanda ba a ganewa shi ne illar bulo mai girma fiye da kima. Kaurin hatimi mai haske milimita 2 zuwa 3 ne kawai. Ka ɗauki ɗan fure mai santimita 2, ka manna shi a tsakiyar bulo mai santimita 10. Yanzu ta kowane gefe akwai santimita 4 na bulo a rataye, tsakaninsa da takarda milimita 3. Karkacewa ta kusan digiri huɗu kawai ta isa kusurwar bulon ta taɓa kati. Kuma kusurwar nan ta riga ta kwashi tawada lokacin da ka danna a kan soson tawada, ba ka lura ba. Wannan shi ne asalin ɗan layin baƙin nan da ke fitowa a gefen zane, wanda ke sa a zubar da kati mai tsada. Ban da haka, babban bulo a kan ƙaramin hatimi yana lilo, gefe ɗaya na zanen ya baje, ɗayan ya ɗage.

Ga wanda zai fara, uku sun wadatar: ƙarami mai santimita 5 da 5, matsakaici mai 8 da 10, sai dogo siriri mai 4 da 15 domin rubutu irin su sunan sana'a, lambar waya ko "Mun gode". Dogon nan kada a raina shi, shi ne zai fi kowanne aiki a wurin mai kasuwanci. Hatimin da ya wuce santimita 10 da 15 kuwa, hannu ba ya iya danna shi daidai komai ƙarfin mutum. Ko dai a nemi allon bugu mai murfi da maganaɗisu irin MISTI, wanda ke ba da damar sake bugawa a wuri ɗaya sak, ko a kwantar da bulon hatimi na kallon sama, a shafa tawada, a ɗora takardar a kai, a rufe da wata takarda a bi ko'ina da tafin hannu ba tare da ta motsa ba.

Layukan awo da ake zanawa a jikin bulo kamar gidan dara suna da amfani ƙwarai wajen miƙe rubutu. A zaɓi wanda aka sassaƙa layin a jikinsa. Wanda aka buga da fenti wanki na cinye shi. Wanda nasa ba shi da layi, ya ɗora bulon a kan takardar girafi ta 'yan makaranta lokacin manna hatimi, ta yi masa aikin. Kada a zana layi da maka mai kama jiki, domin abin da ke goge ta shi ne abin da ke kashe bulon.

Ba dole sai an yi odar bulo daga waje ba. Masu yin allon talla da lambar shaguna suna da guntayen Perspex da suka rage, kuma su ne daidai girman da muke so. A ce musu mai haske tas, milimita 10 ko 12, a bar takardar kariyar da ke jikinsa har a gama yanka. Gefen a goge shi da samfefa jiƙaƙƙiya, lamba 400, sai 800, sai 1200, a kashe kaifin kusurwa. Yankan injin leza yana fitowa da ƙyalli, ya fi kyan gani, amma zafin yankan yana barin gefen a ɗaure, kuma irin wannan gefen ne ke fara tsattsagewa idan sinadari ya taɓa shi.

Wajen manna hatimi akwai kuskuren da kusan kowa ke yi: a ɗauki hatimi da yatsu a liƙa a bulo. Robar tana miƙewa, don haka dogon rubutu zai lanƙwashe kamar baka, da'ira ta koma ƙwai. Abin yi shi ne a ajiye hatimin a kan tebur mai tsabta, fuskarsa ƙasa, bayansa sama, a bar shi ya kwanta yadda aka yi shi, sannan a sauko da bulon a kansa a danna. A duba ta sama, idan akwai kumfar iska a tsakani a matse ta waje. Sabon hatimi yakan zo da ɗan maiƙon masana'anta da ke sa tawada ta dunƙule ɗigo-ɗigo. A goga masa farar kilinar fensir a hankali, a wanke, a buga sau uku ko huɗu a takardar banza kafin a taɓa kati.

Tawada kuma a kai ta wurin hatimi. A kwantar da bulon, a riƙa taɓa soson a kai sama-sama sau biyar ko shida, ana kallo. Wanda ya nutsa hatimi cikin soso da ƙarfi ya cika ramukan haruffa, ya kuma shafe bulon. Kafin bugu a goge duk abin da ya taɓa bulon. A sa fallen roba mai laushi na milimita 2 a ƙarƙashin takarda, ko mujalla, domin hatimi mai haske ba shi da katifar da hatimin roba mai katako ke da ita, a kan tebur mai tauri tsakiyarsa ba ta fita. A sauko a miƙe, a danna na daƙiƙa uku zuwa biyar, a ɗaga a miƙe. Ban da jijjigawa. Ido ya kasance a saman bulon daidai, domin kaurin robar yana karya haske, wanda ya leƙa ta gefe zai ga hatimi a inda ba nan yake ba, ya sauka da kuskuren milimita ɗaya ko biyu. Ƙarfi ma yana da iyaka, musamman ga hatimin silikon mai araha, wanda ke bajewa ya mayar da siririn layi mai kauri.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato wanki. Akirilik ba ya jituwa da sifirit, da man goge farce, da tina, da fetur, da man tsabtace hannu, da ruwan goge gilashi mai amoniya. Turare ma yana ciki, kuma masu haɗa humra su lura da wannan sosai, domin teburin aiki ɗaya ne. Man goge farce yana narkar da fuskar nan take, ta yi hazo har abada. Sifirit ya fi yaudara. Ka goge yau ka ga ya yi fes, ka ce ai ba komai. Ana maimaitawa sai ƙananan tsagu kamar saƙar gizo su fara fitowa daga gefe suna shiga ciki. Ba a gyara wannan, sai dai a sayi wani. Ruwa mai ɗan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa, da yatsu, su ke nan. A tsane da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau. Tishu da soson wanke-wanke suna barin ƙananan karce da ke taruwa har bulon ya dushe. Idan tawada mai mai ce ta bushe a kai, ɗigon man gyaɗa yana sassauta ta, sannan a bi da sabulu sosai har santsin ya tafi. Ƙaramin karce kuwa farin man goge baki a kan ƙyalle, ana murzawa a hankali, yana rage shi.

Akwai tarko ga masu buga lamba a kan sitika mai sheƙi ko leda. Tawadar ruwa ba ta bushewa a kansu, sai an koma ga mai kama jiki irin StazOn, wadda idan ta bushe a bulo sabulu ba ya cire ta, mutum ya miƙa hannu ga sifirit. Mafita ita ce a manna salatif na takarda a kan bulon kewaye da hatimin kafin a shafa tawada, a ɓare bayan an gama. Wanda zai iya, ya koma sitika marar sheƙi da tawada irin VersaFine, wadda ke fitar da ƙananan haruffa tsaf a hatimi mai haske.

Idan hatimi ya fara faɗowa daga bulo, kada a sa gam, kada a yar. Datti ne. Lokacin hunturu abin ya fi yawa, saboda abu biyu sun haɗu: akirilik yana jan ƙura da kansa idan iska ta bushe, mu kuma hannunmu na ɗauke da basilin da man shafawa. Ƙura da maiƙo suka shiga tsakani, kamun ya mutu. A wanke bayan hatimin da fuskar bulon da sabulu, a bar su su bushe da kansu, kamun zai dawo. Kuma kada a taɓa goge bulo mai ƙura a bushe, domin ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, gogewar samfefa ce. A fara ɗauraye shi.

Ajiya ba ta da wahala, amma sai an kiyaye. Kada a jibga bulo a kan bulo tsirara, ƙwayar yashi ɗaya a tsakani ta isa ta ja layi a duka biyun. A tsayar da su a gefensu cikin roba mai murfi, a sa guntun kwali ko ƙyalle a tsakanin kowanne biyu, nesa da almakashi da reza. Kada a bar hatimi ya kwana a jikin bulo. A zafin Maris da Afrilu yana kamawa gam, wajen ɓarewa siririn reshen zane ya yage. A ɗaga daga kusurwa a hankali, a wanke, a mayar da shi kan fallen ledar da ya zo da shi, a sa a ambulan. Rana ta fi cutar da hatimin fiye da bulon, tana mayar da shi rawaya ya taurare, don haka bakin taga da gaban mota ba wurin ajiya ba ne. Robar ajiyar ta zauna a cikin durowa, can nesa da kwalaben turare.