Dubi kwanon da ya dawo daga ɗakin Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Na daɗe ina ganin kwanon Innarmu yana dawowa da nama a ciki, tuwon ma gefe kawai ta taɓa. Na ɗauka ƙarancin ci ne na tsufa. Ranar da na zauna na tambaye ta, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, haƙoran ne ba sa iyawa." Ta ƙi faɗa ne don kada a ce ta cika fitina. Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Mun san hadisin mutum uku da dutse ya toshe musu bakin kogo, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ɗayansu da me ya roƙi Allah? Da ƙwaryar nono. Ya dawo a makare ya tarar iyayensa tsofaffi sun yi barci, bai tashe su ba, bai kuma ba kowa kafin su ba, ya tsaya riƙe da ita har asuba, 'ya'yansa na kuka a ƙafafunsa. Da wannan dutsen ya fara motsawa. Ciyar da tsoho ibada ce, kuma ibada tana son kula.

Tura kuɗin cefane bai wadatar ba. Tukunyar gida ana dafa ta ne da bakin matasa, ga gishiri, ga ɗanɗano uku ko huɗu, ga mai yana yawo a kan miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗanɗanon nan shi ma gishiri ne. Mai hawan jini fa? A ɗebe masa miyarsa tun kafin a zuba, daddawa da albasa su ba ta daɗi.

Nama a dafa shi ya yi lugub ko a daka. Kifi a cire ƙaya. Ƙwai, alala, faten wake da alayyafo, kabewa, miyar kuka ko zogale, gwanda, duk ba sa wahalar da baki. In akwai ciwon suga, a daina cika kunu da sukari, lemon kwalba kuma ba gata ba ne, ko da shi ya nema. Kada a sauya masa abinci ko magani a kan jita-jita, a tambayi likitansa. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan sa a dama wa marar lafiya talbina, kunun sha'ir, saboda Annabi (SAW) ya ce tana sanyaya zuciyar majinyaci.

Sai ruwa. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar da, wani kuma da gangan yake ƙin sha don gudun yawan fita bayi. A ajiye masa a kusa, a riƙa miƙa masa, musamman lokacin zafi.

Yanzu bayan magariba nakan ɗauki kwanona in shiga ɗakin Inna mu ci tare. Da hira takan cinye abin da ita kaɗai ba za ta ci rabinsa ba. Jiya ma cewa ta yi a ƙaro mata miya.