Idan za a ƙera wa Prius tirela, a fara daga wutsiya

A Amurka da Turai akwai masu motocin da ke haɗa fetur da batir, irin su Toyota Prius, da suka ɗauko wani aiki mai kama da abin da ba zai yiwu ba. Suna so su ƙera ƙaramar tirela da za a jona a bayan motar ta ɗauki kaya, ba tare da ta ƙara wa motar shan mai ba, in ma da hali ta rage shi. Masu yi musu dariya suna tambayar yadda ƙarin nauyi da ƙarin tayoyi za su rage shan mai. Ina ganin sun yi saurin yanke hukunci. Tunanin yana da tushe mai ƙarfi, sai dai yana da iyaka, kuma duk mai tallata shi da ya ɓoye iyakar yaudarar mutane yake yi.

Irin wannan mota a cikin gari take nuna gwanintarta. Duk lokacin da direba ya taka birki, injin lantarkinta yana mayar da wani kaso na ƙarfin gudun cikin batir, ta sake amfani da shi wajen tashi. A babbar hanya kuwa, inda za a yi awa guda ba a taɓa birki ba, wannan dabarar ba ta da aikin yi. Abin da ke cin mai a nan shi ne ture iska. Tirjiyar iska kuma ba daidai da gudu take ƙaruwa ba: in ka ninka gudu sau biyu, ita sai ta ninka sau huɗu. Daga kilomita 80 a awa zuwa 120 kaɗai, ta fi ninki biyu. Shi ya sa Toyota, tun da ta fitar da Prius a Japan a 1997, take ta sassaƙar jikinta. Ma'aunin tirjiyar iska, wato adadin da ke raguwa gwargwadon yadda siffar mota ke ratsa iska da sauƙi, na samfurin 2004 ya kasance 0.26, na 2010 ya sauka zuwa 0.25, na 2016 kuma 0.24. Shekaru goma sha biyu ana fafutuka a kan ɗigo biyu, sai mutum ya zo ya jona mata akwati mai kusurwa huɗu wanda ya fi ta tsayi, ya rushe aikin gaba ɗaya.

Yawancinmu muna zaton goshin mota ne ke faɗa da iska, don haka mai ƙera tirela sai ya yi wa gabanta tsini ya bar bayanta a shafe kamar bango. Alhali babbar asarar a baya take. Idan iska ta bi jikin mota ta iso ƙarshenta ta tarar an yanke shi kwatsam, sai ta rabu da jikin ta shiga birkicewa, ta bar wani gurbi mai ƙarancin matsi da ke janyo motar baya. Wanda ya taɓa ganin yadda ƙura ke taruwa a gilashin bayan bas, alhali gilasan gefe suna da dama-dama, ya ga alamar wannan gurbi da idonsa. Paul Jaray, injiniyan da ya yi aiki a kamfanin Zeppelin mai ƙera jiragen sama masu kama da doguwar balan-balan a Jamus, ya nuna tun shekarun 1920 cewa jikin da ke tsukewa a hankali zuwa baya ya fi ratsa iska. Daga baya Wunibald Kamm, shi ma a Jamus, ya nuna a shekarun 1930 cewa ba dole wutsiyar ta kai har tsini ba. In an tsuke ta zuwa wani matsayi aka datse, an sami mafi yawan amfanin. Bayan Prius a kan wannan tsarin aka yi shi.

To, a nan ne tirela ke iya shigowa da alheri. In an ƙera ta yadda za ta ɗora daga inda rufin motar ya tsaya, ta ci gaba da tsukewa, ta zama cikon wutsiyar da aka datse. Amma sharuɗɗan suna da tsauri. Kada ta fi motar tsayi ko faɗi, ta ɓuya a cikin gurbin da motar ta riga ta buɗe. Tazarar da ke tsakaninsu ta zama ƙarama iyakar yadda shan kwana zai bari, domin a wannan gibin ne iska ke faɗawa ta daki gaban tirelar. A shafe ƙarƙashinta da faranti, a rufe gefen tayoyinta. Sannan gangarar rufin ta zama mai sauƙi. Gwajin da S. R. Ahmed da abokan aikinsa suka yi a Jamus, suka wallafa a 1984, ya nuna cewa tirjiya ta fi sauka idan gangarar baya tana wajen digiri 12 zuwa 13, ta kuma fi muni idan ta kusanci digiri 30. Ma'ana, mai walda da ya karya rufin da yawa don ya yi kyau a ido zai iya fitar da abin da ya fi akwati shan mai.

Manyan motocin dakon kaya sun riga sun tabbatar da hanyar. A 1973 Edwin Saltzman, injiniya a cibiyar NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da ke hamadar Kalifoniya, yana tafiya aiki a kan keke ya lura da yadda manyan motoci ke ture shi da iska sa'ad da suka iso, su kuma janyo shi bayan sun wuce. Shi da abokan aikinsa suka lulluɓe wata ƙaramar bas da faranti ta koma akwati, sannan suka rinƙa zagaye kusurwoyinta suna rufe ƙarƙashinta, har tirjiyar ta ragu da kusan rabi. Yau a titunan Amurka ana ganin tireloli da faranti a gefe tsakanin tayoyi, wasu da fikafikai masu naɗewa a ƙofar baya. Tarayyar Turai ma a 2015 ta gyara dokarta ta tsawon manyan motoci don a sami damar maƙala irin waɗannan.

Sai dai tirelar dakon kaya akwati ce tun asali, gyara kaɗan yana kawo riba mai yawa. Prius kuwa an riga an tatse ta. Abin da wutsiya za ta ƙara mata kaɗan ne, kuma a cikin wannan kaɗan ɗin za a cire gogayyar sabbin tayoyi da nauyin da za a ja a hawa tudu. Iskar gefe ma tana ɓata lissafin. Saboda haka wanda ba shi da kayan ɗauka, kada ya jona tirela da sunan tsimin mai. Amfaninta na gaskiya yana ga wanda dole ya ɗauki kaya, kuma abin da ya kamata a gwada ta da shi shi ne lodin kan rufi. Alƙaluman gwamnatin Amurka kan tsimin mai sun nuna cewa babban akwatin kan rufi yana iya rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a gudun babbar hanya, wanda aka maƙala a baya kuwa kashi 1 zuwa 5 ne kawai. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tun da aka cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023 kowane direban tasha yake lissafin lita, amma har gobe ana ɗora buhuna da katifu a kan rufi, a ɗaure but a buɗe da igiya, tamfol yana kaɗawa tun daga Kano har Kaduna. Kuɗin mai ne ke bin iska, ba kuma wanda ke sa shi a lissafi.

Batun lafiyar rai ya fi na mai, kada garin neman gira a rasa ido. A Turai sai a samfurin 2016 Toyota ta amince Prius ta ja tirela, ita ma kada ta wuce kilo 725. A Amurka kamfanin bai ba da shawarar ja da ita ba. Doguwar wutsiya tana jan hankalin mutum ya tura kaya can baya, kuma nauyin da ya taru a bayan tayoyin tirela shi ke sa ta fara tangaɗi har ta kifar da mota. Kaya masu nauyi a kan tayoyi ko gabansu kaɗan suke zama. Jamus ta ƙayyade gudun mai jan tirela a kilomita 80, sai mai izini na musamman ya kai 100. Saukowa daga 120 zuwa 100 kaɗai yana rage tirjiyar iska da kusan kashi 30 cikin ɗari, abin da da wuya wata wutsiya ta ba ka.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yawan iƙirari ba awo. Kamfanonin ƙananan tireloli suna rubuta nauyi da tsawo, ba kasafai suke faɗin yawan man da tirelar za ta ƙara wa mota ba, alhali mai saye shi zai biya wannan kuɗin shekara da shekaru. Awon kuma ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. A yanka zaren ulu guntu-guntu, a manna da salatif a jere a kan rufin motar da na tirelar, wani ya biyo a wata motar yana ɗaukar bidiyo. Inda zaren ya kwanta luf, iska tana manne da jiki. Inda ya rinƙa rawa yana juyowa gaba, a nan ta rabu, a nan kuma ake gyara. Sannan a sami shimfiɗaɗɗen titi marar cunkoso, a kai wani gudu a ɗaga ƙafa, a ƙirga daƙiƙun da motar ke ɗauka kafin ta sauko zuwa wani gudun, a yi zuwa da dawowa don iska da gangara su soke juna. A yi da tirela, a yi babu ita, a yi da kayan a kan rufi. Ɗaliban injiniyanci da ke neman aikin kammala karatu, in sun haɗa kai da mai walda guda, za su iya gama wannan a zango ɗaya su fitar da alƙaluman da direba zai duba kafin ya sa kuɗinsa.