Ranar da na yi wa jirgina bai-bai da hannuna

To tunda ƙanin Hajiya ya riga ya watsa hoton a gurup ɗin gida, kowa kuma ya ƙara nasa gishirin, gara ku ji daga bakin mai ita.

Kun dai san bara mun je Jamus ganin jaririn da aka yi wa shi ƙanin nata, shi ne mutumin naku ya ce wai zai yi mana bazata, ya biya mana kwana bakwai a jirgin ruwa kan kogin Danub, daga Budafes ta ƙasar Hangari har Pasau ta Jamus, a bi ta Sulobakiya da Ostiriya. Ni da ko kwalekwalen Tiga ban taɓa shiga ba. Bizar Shengen ɗin da muka shiga da ita ta wadatar duka ƙasashen huɗu, don haka ban samu hanyar zillewa ba. Ya hana Hajiya taho da dambun nama tun daga gida, ya ce Turai ba a shiga da nama a jaka, yaji kaɗai ya tsira, kuma wallahi yajin nan shi ya riƙe mu, don kwana bakwai kifi da burodi da dankali muka yi ta ci, duk abin da aka ajiye sai na tambaya ko da alade a ciki har masu rabon abincin suka haddace, kafin in buɗe baki sun girgiza kai. Gargaɗi ɗaya ya yi ta nanatawa, wai in ruwa ya ja baya kamar yadda aka yi a 2018 da 2022 jirgi ba ya wucewa, sai a kwashe mutane a bas. A kan wannan ya ɓata awa guda. Abin da zai same ni kuwa ko kalma ɗaya bai faɗa ba.

Ni a zatona irin ƙaton jirgin nan ne na talabijin mai hawa goma sha. Ina! Wani dogon abu ne siriri, kamar an ɗauko layin ɗakunan haya an kwantar a kan ruwa, tsawonsa mita 135, faɗinsa bai kai 12 ba, mutanen ciki ba su cika ɗari biyu ba kuma kusan duk sun girme ni. Dalili wai dole ya iya kurɗawa ta ƙarƙashin gadoji ya kuma shige matsattsun ƙofofin madatsun ruwa, shi ya sa kowane kamfani ke ƙera nasa da awo kusan ɗaya. Ma'ana duk kamarsu ɗaya. Ku riƙe wannan.

Ɗakinmu kuwa, kun san hannun mutumin naku, na can ƙasa ya kama, mafi araha. Taga 'yar ƙarama ce can sama, ba ta buɗuwa, daidai fuskar ruwa, in ka ɗaga kai agwagwa ce ke leƙo ka. Alƙibla kuma kar ma a yi magana, ka duba waya ka daidaita darduma ka kabbarta, kafin ka kai raka'a ta biyu kogi ya yi kwana. Asubar farko na tashi na ga tagar baƙi ƙirin, bangon siminti jiƙe sharkaf yana ta zamewa ƙasa a hankali, ba motsi ba ƙara, na taɓa Hajiya na ce tashi ki yi salati. Ashe madatsar Gabcikobo muka shiga, ana rufe jirgi a wani rami a cika shi da ruwa ya ɗaga ku kusan mita 20. Ta ce Alhaji don Allah ka bar ni in yi barci.

Amma babbar matsalar ita ce buta. Babu. Kwana biyu ina fama da gorar ruwan sha, na ce yau kam in mun sauka Biratislaba sai na nemo. Aka raba mana 'yan na'urorin nan da ake rataya wa a wuya a sa abu a kunne, wata yarinya riƙe da sanda mai lamba tana gaba muna binta kamar awaki, titunan duk duwatsu ne a jere, ni kuma na sa takalmi sau ciki mai santsi da farar shadda da hula, don ba zan shiga ƙasar mutane da kayan gona ba. Hajiya ta gaji tun wajen gunkin nan na mutumin da ya leƙo kai daga ramin kwata da kowa ke layin hoto da shi, ta ce za ta koma ta kwanta. Na ce je ki, ina nan tafe. A bakin ƙofar jirgi an rubuta ƙarara, huɗu da rabi kowa ya kasance ciki, biyar a tashi. Na gani, na karanta, ba zan yi wa kowa ƙarya ba.

Shago biyar na shiga. Ta yaya za ka yi wa mutumin Sulobakiya bayanin buta? Na kwatanta da hannu, wata ta kawo min tukunyar shayi, wani ya kawo kwalbar zuba mai. A ƙarshe a shagon kayan yara na samu abin ban ruwan fulawa na roba, ruwan hoda, siffar giwa, ruwan ta hancinta yake fita. Na juya ta na auna, na ga ai aikin ɗaya ne. Leda kuma sai ka biya, na ce a bar ta, na riƙo giwata a hannu.

Huɗu da kwata na iso bakin kogi, da sauran lokacina. Ga jirgi nan inda na bar shi da safe, fari, dogo, tambarin kamfani ɗaya. Na hau, na gai da yaran risefshan da kai, suka yi murmushi, na sauka matattakala, kafet ɗin shi ne, fitilun su ne, har hoton da ke bangon lungu irinsa ne. Na je lambar ɗakinmu na sa kati, ja. Na goge shi a riga na sake sawa, ja. Na ƙwanƙwasa a hankali na ce Hajiya, Hajiya buɗe ni ne. Shiru. Na ce baiwar Allah ta gaji, kar in tashe ta, bari in hau falo in sha shayi tukuna, an jima na sa su gyara katin.

Abin da ba wanda ya gaya min, kuma shi ya kamata a fara gaya wa duk mai shirin wannan tafiya tun kafin zancen ruwa ya ja baya, shi ne wurin tsayawa ya yi wa jiragen nan kaɗan, saboda haka jera su ake yi gefe da gefe, biyu, uku, a ɗaure su da juna, in naka ne na waje sai ka ratsa ta cikin na wasu kafin ka kai. Kuma suna sauya wuri da rana. Namu da yake shi zai riga tashi sai aka mayar da shi waje, ɗan'uwansa na kamfani ɗaya ya dawo bakin gaɓa. Yaran risefshan sun ɗauka wucewa zan yi, shi ya sa ba wanda ya ce in nuna kati.

Na samu kujera mai laushi jikin gilashi, na ajiye giwa a kan tebur, aka kawo shayi da kek, na miƙe ƙafa. Har ina cewa a raina yau fuskokin duk sababbi ne, amma tsofaffin Turawa in ba ka zauna da su sosai ba ai sai a hankali. Can sai na ga jirgin da ke manne da namu ya fara ja da baya a hankali, ruwa ya buɗe a tsakani. Na gyara zama ina kallo, abin sha'awa, ko ƙara babu. Sai na hango wata mata a saman rufinsa da mayafi ruwan toka. Na ce ikon Allah, ashe akwai wata 'yar ƙasarmu a kogin nan, bari in Hajiya ta tashi in ba ta labari, har mayafinsu iri ɗaya. Matar tana ta ɗaga hannu biyu tana tsalle. Na ce kai, ta gane ɗan gida, ta ga hula. Jama'a na tashi tsaye. Na matsa jikin gilashi. Na ɗaga mata hannu da fara'a, haƙora duk a waje, da na ga ta ƙara ƙaimi sai na ɗauki giwar na ɗaga sama ina kaɗawa don ta san na gan ta. Ta dafe kai da hannu biyu. Na ce Allah sarki, kewar gida.

Sai da jirgin ya juya gefensa na karanta sunan da ke jiki, na sa hannu a aljihu na zaro katina na karanta sunan da ke kai. Na sake kallon jirgi. Na sake kallon kati. Kek ɗin da ke bakina ya ƙi wucewa.

Ban san yadda na iso risefshan ba, na dai san na fara da faɗa, don mai kunya da faɗa yake farawa, ina buga kati a kan kanta ina cewa ku tsayar da shi, matata na ciki, fasfo ɗina na ciki, da Turanci da Hausa duk a haɗe, giwa a ɗaya hannun. Yarinyar ta karɓi katin ta duba, ta dube ni, ta dubi giwa, ta ce cikin ladabi yallaɓai wannan ba jirginka ba ne. Na ce ai na sani! Tsofaffi sun taru a bayana shiru, wata ma har da gyara tabarau. Ta buga waya can, aka ce sun yi ta kiran sunana a lasifika har sau uku suka ƙara minti goma, amma yadda suka murɗe sunan ko Hajiya ba ta gane ni ake nufi ba sai da aka zo aka buga mata ƙofa, kuma kaftin ba zai juyo ba don an ba shi lokacin shiga madatsa ta gaba. Wayata kuwa layin gida ne a kai, in ba intanet ɗin jirgi ba gawa ce.

Yanzu bari in zo kan Baba Mai Kyamara, don shi ne ainihin wanda nake riƙe da shi. Wani tsohon Ba'amurke ne a jirginmu, dogo, da gajeren wando komai sanyi, da safa har gwiwa. Tun daren farko, da yake a wajen cin abincin dare ba a ware wa kowa tebur, inda ka samu nan za ka zauna, ya liƙe mana. Hular nan ta sarauta ce? Rigar nan ba ta da zafi? Yajin nan zan iya taɓawa? Ya taɓa, ya yi tari har da hawaye, washegari ya dawo ya sake taɓawa. Komai sai ya ɗauka, gada, agwagwa, faranti, ni ina alwala ma na kama shi yana gyara kyamara. To wannan bawan Allah yana tsaye kusa da Hajiya a saman jirgi lokacin da abin ke faruwa, yana gani sarai ni ne, dogon gilashin kyamararsa har kek ɗin da ke hannuna ya jawo, maimakon ya ruga ya gaya wa kaftin ga mutumin can, sai ya tsaya yana ɗauka. Hoto goma sha ɗaya. Na ƙirga, don ya nuna min su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wai hasken ya yi kyau.

Sauran labarin ba daɗi. Yarinyar ta rubuta min komai a takarda, tasi zuwa tashar jirgin ƙasa, daga Biratislaba zuwa Biyenna tafiyar kamar awa ɗaya ce, garuruwan ba su fi kilomita 60 tsakani ba, daga babbar tashar Biyenna in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layin U1 in sauka kusa da gadar da jiragen ruwa ke tsayawa. Na tsallaka iyakar ƙasa ba fasfo, ina ta addu'a, Allah Ya rufa asiri ba wanda ya tambaya. Mai duba tikiti kaɗai ya kalli giwar ya kalle ni ya wuce. Na riga jirgin isa da awanni, don shi yana hawan ruwa ne a hankali, na zauna kan benci a bakin kogi, a garin da hedikwatar OPEC take, inda ake zama a kan man ƙasarmu, ga ni da shadda ɗaya iska tana ratsa ni, ba ko kuɗin shayi na biyu.

Da suka iso cikin dare ma'aikatan suka jeru a bakin ƙofa suna tafi. Tafi fa. Hajiya ba ta ce komai ba sai da muka shiga ɗaki, ta zauna bakin gado ta dube ni ta ce, Alhaji, shekara ashirin da shida, mayafin nan kai ka saya min. Na ce ai na ce iri ɗaya ne. Ta ce da wa?

Daga ranar duk inda aka tsaya, Melk, Linz, har Pasau, in zan fita sai yaron ƙofa ya nuna min sunan jirgin da yatsa yana murmushi, tsofaffin kuma in na shigo cin abinci sai su ɗaga min cokali suna kaɗawa. Baba Mai Kyamara ya karɓi lambar Hajiya wai zai tura mata hotunan gada, ta nan hoton ya kai hannun ƙaninta, ta nan ya kai gare ku. Shi kuma mutumin naku har yau bai biya ni kuɗin tasi da tikitin jirgin ƙasa ba, wai ba ya cikin lissafi.

Giwar dai ta yi aikinta, ba laifi, sai dai hancin ya cika tsawo. Tana nan bayan gida, jikokin sun fasa mata kunne ɗaya.