Titin da kamfani ya gina da haraji, kuɗinmu ne

Kwanakin baya a motar Daura, hira ta gangaro kan aikin hanyar Kano zuwa Kwangwalam. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya ce, "Allah ya saka wa mai BUA da alheri, ya ɗauke wa gwamnati nauyi." Duk motar aka amsa da amin, har da ni, domin duk wanda ya san wahalar wannan hanya dole ya yi wa mai gyaranta addu'a. Amma na kasa yin shiru. Na ce, "Baba, ai kuɗin aikin nan har da naka a ciki." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ni da ko asusun banki ba ni da shi?" Muka yi ta yi har Kazaure, inda ya sauka.

Ga abin da na yi ƙoƙarin faɗa masa. A ranar 25 ga Janairu 2019 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 007. Abin da ya ƙunsa shi ne: kamfani zai iya zuba kuɗinsa ya gina titin da gwamnati ta amince da shi, sannan ya kai lissafin abin da ya kashe, hukumar tara haraji ta ba shi takardar shaida, ya riƙa cire kuɗin daga harajin ribar da ya kamata ya biya. Ta wannan hanya Dangote ya yi titin kankare na Obajana zuwa Kabba, mai tsawon kilomita 43, da na Apapa zuwa Oshodi a Legas. Kamfanin gas na NLNG ya ɗauki hanyar Bodo zuwa Bonny a jihar Ribas, MTN ya ɗauki Enugu zuwa Onitsha a kan sama da naira biliyan 200, BUA kuma aka ba shi tamu, kilomita 132 a kan naira biliyan 116. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya fi kowa: a 2021 an amince masa da hanyoyi 21 a kan naira biliyan 621, a farkon 2023 aka ƙara masa 44 a kan tiriliyan 1.9.

Ban ƙi tsarin ba, kuma ina so a fahimce ni a nan. Na san yadda aikin hanya ke tafiya idan an bar shi ga kasafin kuɗi: a ware abin da bai kai ya kawo ba, a saki rabi, ɗan kwangila ya kwashe motocinsa, damina ta cinye abin da aka yi. Hanyar Abuja zuwa Kano da aka bayar tun 2017 ta isa misali. Idan kamfani mai kuɗi a hannu zai sa aiki ya tafi ba tsayawa, madalla.

Abin da ke damuna shi ne kalmar "kyauta" da ta shige mana baki. Harajin ribar kamfanoni asusun tarayya yake shiga, wanda ake rabawa duk wata a Abuja: kashi 52.68 na gwamnatin tarayya, 26.72 na jihohi, 20.60 na ƙananan hukumomi. Duk nairar da aka cire wa kamfani saboda ya gina titi, naira ce da ba ta shiga tukunyar ba. Kenan a kowace naira ɗari, kusan 47 rabon jihohi da ƙananan hukumomi ne. Albashin malamin firamare a Roni da maganin asibitin Sandamu duk daga wannan tukunya suke fitowa. Wannan ne kuɗin dattijon da nake nufi, ko yana da asusun banki ko ba shi da shi.

Sannan ba abin da ya kashe kaɗai kamfanin ke karɓa ba. Umarnin ya tanadar masa ƙari a kai: adadin kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ya tsayar, da kashi 2 a samansa. Lokacin da aka sa hannu, wannan adadi kashi 14 ne cikin ɗari. A ƙarshen 2024 ya kai 27.5. Yi lissafin da kanka: a wannan farashi, aikin biliyan 100 zai koma takardar cire haraji ta biliyan 129.5. Ban ce haramun ba ne, wanda ya ɗaure kuɗinsa shekaru yana da hujjar neman ƙari. Amma abin da aka saya da irin wannan tsada ba a kiransa sadaka.

Yanzu tambayar da ta fi ci mini rai: wa ke duba lissafin? Kamfani ya zo ya ce kaza na kashe. Akwai kwamiti ƙarƙashin ministan kuɗi, ma'aikatar ayyuka kuma ita ke tabbatar da aikin. To amma mu masu kuɗin fa? Kuɗin da ya bi ta kasafi, ko banza 'yan majalisa za su yi ta ce-ce-ku-ce a kansa, ɗan jarida ya buɗe kundin ya ga lamba. Wannan kuwa tun kafin ya shigo aka datse shi. Idan farashin siminti da kwalta ya tashi, aka sake duba kuɗin kwangila, ƙarin ma daga harajin zai fita. Wanda ya taɓa gina ko ɗaki ɗaya ya san ba ka barin magini ya sayo kaya, ya rubuta rasit, ya kuma biya kansa daga aljihunka ba ka ƙirga buhunan ba. Ba zargin kowa nake yi ba, amma ko ɗan'uwanka ne maginin, sai ka ƙirga.

Kuma ba ni kaɗai ke da wannan damuwa ba. A 2024 shugaban hukumar tara haraji ta ƙasa, Zacch Adedeji, ya shaida wa kwamitin kuɗi na majalisar dattawa cewa bai yarda da tsarin ba, domin aikin hukumarsa tara haraji ne ta zuba a asusun tarayya, ba biyan kuɗin titi ba. Idan mai riƙe da jakar ya faɗi haka, me zai hana talaka tambaya?

Akwai kuma batun wace hanya ake zaɓa. Kamfani zai fi son wadda tirelolinsa ke bi, kuma ba laifinsa ba ne. Amma manomin da ke fito da albasa a kan jaki daga ƙauyen da babu masana'anta kusa, shi ma an taɓa rabonsa, kuma babu kamfanin da zai nemi tasa hanyar.

Abin da nake roƙon sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai na Kano, Jigawa da Katsina kaɗan ne. Su nemi a wallafa, hanya bayan hanya, nawa aka amince tun farko, nawa aka ƙara, takardar cire haraji ta nawa aka bayar zuwa yau, da kilomita nawa aka gama. A kafa allo a Dawanau, wani a Kazaure, wani a Daura, a rubuta lambobin da Hausa yadda direba da fasinja za su karanta.