Allon Shagon Ɗan Lami

Da hantsi, a wani layi kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina. Ɗan Lami ya kama shago, ya share, ya yayyafa ruwa, ya jingine farin allo a bakin ƙofa. Mai Fenti ya tsuguna da gwangwaninsa. Baba Mai Goro na kan benci yana gyara jiƙaƙƙen tsumman da ya rufe faifansa. Ɗan Kano, maƙwabcin shago, ba wanda ya gayyace shi, shi ya kawo kansa.

MAI FENTI: Ɗan Lami, fenti na bushewa. Me za a rubuta? Ka dai san tsarina, harafi ɗaya naira ɗari uku.

ƊAN LAMI: Ai nan gizo ke saƙar. Kwana uku ban runtsa ba. Abu guda zan riƙe, ko kau in riƙa taɓa wannan in taɓa wancan?

BABA MAI GORO: Yaro, taura biyu ba ta taunuwa. Ni tun nan na cikin Jihar Kaduna nake goro. Aka ba mu tamu jihar a 1987, ina goro. Daga Ƙofar Guga har Ƙofar Marusa, in an ce "mai goro" ba a tambayar wanne. Rufe mani ido ka sa mani goro a hannu, in gaya maka marsa ne ko minu.

ƊAN KANO: Baba, wannan ai ko makaho ya sani. Ɗaya babba, ɗaya ƙarami.

BABA MAI GORO: To makahon ya gaya maka wanda sankara ta shiga tun daga Shagamu? Ya gaya maka daushe daga sabon ɗauka? Shekara arba'in ke koya wa mutum wannan, ba baki ba.

ƊAN LAMI: Gaskiyar Baba ce. Mai Fenti, rubuta GORO.

MAI FENTI: (rai a ɓace) Harafi huɗu. Dubu da ɗari biyu. Ko kuɗin fenti bai fita ba.

BABA MAI GORO: (ya ƙware) Dakata! Goron wa? A layin nan? Na ce maka abu guda, ban ce maka abuna ba.

ƊAN KANO: Ka gani ko? Mai abu guda, ko inuwarsa ta tsaya kusa da faifansa sai ya kore ta. Zo nan, ƙanena. Sana'a goma maganin mai gasa. Akwai wani a nan baya, shinkafar waje kaɗai yake sayarwa, ta hanyar Jibiya ake kawo masa. Watan Agusta na 2019 aka rufe boda. Ka san me ya rage a shagonsa? Sikeli da ɓeraye. Ɓerayen ma da suka ga ba labari suka dawo wajena.

BABA MAI GORO: Suka tarar da dangi.

ƊAN KANO: Farkon 2023 kuwa, da aka canja ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, wa layin nan ya yi wa layi? Ni da na'urar POS ɗina. Har kai Baba ka zo.

BABA MAI GORO: Na zo. Na cire dubu biyar ka ci dubu. Ban manta ba, kuma Allah bai manta ba.

ƊAN KANO: Kasuwa ce. Mai Fenti, ɗauki burushi. Cajin waya. POS. Katin waya. Ruwan sanyi. Fetur a galan. Gyaran fanka. Yankan farce. Dillancin fili. Haɗa aure.

MAI FENTI: (ya miƙe tsaye) Allah ya ja zamanin Kanawa! Ɗan Lami, ni dai ba na shiga maganar da ba tawa ba, amma wannan bawan Allah hangen nesa gare shi. Alaji, ba a ƙara wankin hula?

ƊAN LAMI: Alaji, ni fa ban iya gyaran fanka ba.

ƊAN KANO: Ni na iya? A kan ta mutane ake koyo.

BABA MAI GORO: Ƙwarai kau. Matar liman ta kai mashi tata tana juyi a hankali, ya maido mata tana juyi da baya. Yanzu in an kunna, zafin waje take jawowa ɗaki. Ni kaina na je neman allura shagonshi, ya kwashe rabin awa yana birkice kwalaye, ya miƙo mani ƙusa ya ce in yi maneji. Kuma yaro, tambaye shi sunan da ake kiranshi. Shekara tara a layin nan, ba mai waya ba, ba mai fetur ba. "Wancan ɗan Kanon."

ƊAN KANO: Sunan ya ishe ni, tunda da shi ake biyana.

BABA MAI GORO: Kai yaro, bar ta tashi. Me ka sani wanda ko cikin barci aka tashe ka za ka faɗa?

ƊAN LAMI: (cikin jin kunya) Tantabaru, Baba. Tun ina firamare. Daga kukan namiji na san ko mace ta kusa yin ƙwai.

BABA MAI GORO: To ga sana'a.

ƊAN KANO: Mutum nawa ke tashi da safe a Katsina ya ce yau sai ya sayi tantabara? Kai da abokanka uku ne, su ma bashi za su ci. Kuma ka sayar wa mutum yau, gobe ta tashi ta dawo gidanka.

ƊAN LAMI: Ai nan ribar take.

MAI FENTI: Jama'a, na gama lissafi. Na Alaji harafi tamanin da biyar, dubu ashirin da biyar da ɗari biyar. Sai ƙugiyar Ɗ ta "haɗa", ita ɗari ce daban.

ƊAN LAMI: Inna lillahi. Dubu ashirin ta rage mani duk duniya. Adashin Inna ne, na biya haya da sauran.

Aka yi shiru. Baba ya leƙa cikin shagon, Ɗan Kano ma ya leƙa. Kanta uku, tsintsiya ɗaya.

BABA MAI GORO: Yaro, ina kayan?

ƊAN LAMI: Ai jira nake a rubuta allo in san abin da zan saro.

ƊAN KANO: To ga shawarar da ba ta ɓata wa kowa. Rubuta AKWAI. Kowa ya zo da buƙatarsa, shi zai gaya maka sana'arka.

BABA MAI GORO: Kalma guda ce. Na yarda.

MAI FENTI: Dubu da ɗari biyar. Allah ya isa tsakanina da sulhu.

Ya rubuta da jan fenti. Bai wanke burushi ba sai ga Jauro da sanda a kafaɗa, ya tsaya yana kallo.

JAURO: Samari, me ta ce?

ƊAN LAMI: Ta ce akwai, Baffa. Bismillah, kai ne na farko.

JAURO: Madalla. Ba ni maganin tsutsar ciki na shanu.

ƊAN LAMI: Babu.

JAURO: Kanwa fa?

ƊAN LAMI: Ba ta iso ba.

JAURO: Takalmin roba? Batir na tocila?

ƊAN LAMI: Su ma suna hanya.

MAI FENTI: In rubuta BABU a bayan allon? Harafi huɗu ne, ka riƙa juyawa.

JAURO: Aradu mutanen birni sai a bar su. To me ke akwai?

ƊAN LAMI: (ya waiga ciki, ya waigo) Allo.

JAURO: (ya ƙwanƙwasa shi da sanda) Katako mai kyau. Ƙofar 'yan maruƙana ta karye. Nawa?

ƊAN KANO: (ya yi wuf) Dubu bakwai, da rubutunsa. Ɗari biyar la'adata.

Jauro ya kwance lalita ya ƙirga, ya saɓa allon a ka, jan fenti na ɗiga a malafarsa, ya nufi tasha.

BABA MAI GORO: Ka ga albarkar abu guda. Kaya ɗaya gare shi, kuma ya ƙare tun kafin azahar.

MAI FENTI: Ɗan Lami, aika a yanko wani katakon. ALLO harafi huɗu ne, amma L biyu ce a jere, zan yi maka ragi.