Ranar da Na Kai Zomo Asibiti da Kwala a Wuya

Kun dai san yadda zomon nan ya faɗo hannuna. An ba 'yar Yaya kyauta, Yaya ta ce ita da shi ba za su kwana a gida ɗaya ba, sai ga shi an dire mini a kwalin takalmi, wai "Kawu, ka riƙe mana kwana biyu." Wata ya yi nisa, halin aljihuna kuwa ba baƙonku ba ne. Duk da haka ban gaza ba. Na saya masa karas, na jiƙa masa burodi a madara, ranar da na samu sarari har biskit na gutsura masa. Abin da ni ban ci ba shi ya ci.

Wata asuba na leƙa kwalin, na tarar ya lanƙwashe, ya cusa kai tsakanin ƙafafunsa na baya, yana ɗagowa yana tauna. Na haska fitilar waya. Jama'a, kashinsa yake ci. Kai tsaye daga inda yake fitowa, ko ƙasa bai bari ya taɓa ba. A gefe kuma ga fitsari ja-ja a kan takardar da na shimfiɗa masa. Ku gaya mini wane mai imani ne zai ga haka ya koma barci.

Ban kira kowa ba, amma Malam na ƙofar gaba ba ya jiran kira. Ya shigo, ya sunkuya, ya cafko zomon ta kunnuwa ya ɗaga shi sama, ya ce haka masana suke riƙe shi. Ya duba ya ce ciwon ciki ne da mugun hali, dole a yi maganin duka biyun. Na ciki, ya zaro sauran kafson amoksisilin da ya rage masa ya miƙa mini. Na hali kuwa, ya ce a yi masa kwala irin wadda ake sa wa kare in an yi masa aiki, yadda baki ba zai kai baya ba. Shi ya zana da biro a jikin kwalin takalmi. Ni na yanka da almakashi, na naɗe da salatif. Ku riƙe wannan, shi ya zana.

Kafson dai bai shiga ba, don zomon ya datse baki ya ƙi buɗewa, na jefa shi aljihu. Kwala kuwa ta zauna daram. Sai dai tun daga nan ya daina tsalle-tsalle, ya koma kusurwa ya takure, cin abinci ya ragu, ga wani kashi mai laushi mai yauƙi, curi-curi, yana manne masa a gashi. Na ɗebi kaɗan na ƙunshe a takarda don likita ta gani da idonta, na sa a aljihun gaban rigata. Farar rigar nan da kuka sani, wadda nake ajiyewa don fita ta musamman. Na tattara 'yan canjin da nake da su na kama hanya. Malam ya ce zai raka ni. Ban ce masa zo ba.

Asibitin dabbobin ɗaki ɗaya ne, labule kawai ya raba wurin jira da teburin likita, labulen ma a yaye yake. Akwai wata baiwar Allah da kyanwa a kwando, akwai wani dattijo da karensa, sai wani yaro da ban ga dabbar da ya kawo ba har na fito. Da aka zo kaina na ajiye kwali a tebur, na buɗe, na kama kunnuwa yadda aka koya mini, na ɗago shi gaban kowa.

"Sake shi!" in ji likitar. Na fara sassauta hannu. "A'a, kar ka sake shi! Tallabe shi ta ƙasa!"

To wanne zan bi? Ina tsaye da zomo yana lilo a iska da kwala a wuya kamar fitila mai murfi, ita tana zagayo tebur, ni ina ƙoƙarin jawo shi jikina. A nan ya tattara duk ƙarfin da Allah Ya ba shi a ƙafafun baya ya sakar mini shuri a ƙirji. Daidai kan aljihu. Na ji ƙunshin ya baje. Na ji sanyi-sanyinsa ya ratsa riga ya taɓa fata. Ban duba ba, don na san in na duba kowa ma zai duba. Ashe kowa ya riga ya duba. Yaron nan mara dabba shi ya fara, wata irin dariya ta hanci, ya toshe baki ta fito ta wani wurin.

Likita ta karɓe shi, hannu ɗaya a ƙirjinsa ɗaya a ƙarƙashin duwawu, ta manna shi a jikinta, nan take ya yi lamo. Ta ce kunne ba mariƙi ba ne, cike yake da jijiyoyin jini, da shi zomo yake rage zafin jiki tunda ba ya gumi irin namu. Ta ce ƙashinsa ba shi da ƙwari, ƙafafun baya kuwa ƙarfi gare su, shuri ɗaya a iska yana iya karya masa gadon baya. Sannan ta sa yatsa ta taɓa kwalar. Ta juya ta. Ta karanta sunan kamfanin takalmin da ke jiki.

"Malam, wane ne ya yi wannan?"

Ni a raina yabo ne zai biyo baya, don gaskiya yankan ya fita. Na ce, "Ni ne, Likita." Har da ɗan murmushi. Na ƙara da cewa na kama shi yana cin kashinsa, shi ne na ɗauki mataki.

Ta yi shiru. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta kira mataimakinta daga ciki ta ce ya zo ya gani. Ya zo ya gani, ya koma ciki da sauri, muna jin sa.

Da ta buɗe baki, ba ni kaɗai ta yi wa bayani ba, ɗakin gaba ɗaya ta mayar aji. Wai zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshe mai ƙwallo-ƙwallo wanda kowa ya sani, wannan shara ce. Akwai kuma mai laushin nan, wanda yake fitowa daga wata babbar jaka a hanjinsa inda ƙananan halittu masu amfani suke narka ciyawa. Wannan abinci ne, akwai furotin a ciki da bitamin B da K, kuma dole ya sake haɗiye shi kafin jikinsa ya amfana. Yawanci da dare ko da sassafe yake yi, shi ya sa masu zomaye da yawa ba su taɓa gani ba. Ta nuna ƙirjina da biro. "Abin da ke jikin rigarka, karin kumallonsa ne."

Mai kyanwa ta ce "Subhanallahi" ta juya fuska bango, kafaɗunta suna rawa. Dattijon bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa, amma ya matsar da karensa daga kusa da ni.

A daidai wannan lokaci ne Malam ya gyara murya daga bayana ya ce, "Ai na faɗa masa, Likita. Yaran yanzu ba sa jin magana."

Bari in tsaya a nan, don har yau abin yana ci mini rai. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Likita aikinta ta yi, ban riƙe ta ba. Amma mutumin da zanen bironsa yake jikin kwalin, ana ganin layin shuɗi ɓaro-ɓaro, shi ne zai tsaya ya haɗe hannuwa a baya yana gyaɗa kai yana cewa "ƙwarai, ƙwarai" duk jimlar da likita ta ajiye? Mutumin da bokitina yake gidansa tun bara? Wanda ya ari tsanina ya dawo da shi babu mataki ɗaya, ya ce haka ya karɓa? Kun san lokacin da ya gyara mini fanka. Ba zan tayar da wannan ba, amma kun sani. Na waiwaya na kalle shi, ya kalle ni da idon tausayi, wallahi har da girgiza kai.

Ba a gama ba. Likita ta yanke kwalar, ta ce me nake ba shi. Na lissafa, amma muryata ta riga ta sauka. Karas. Burodi. Madara. Da na zo kan biskit sai na haɗiye, Malam ya ƙarasa mini.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Madarar shanu ba ta zomo ba ce, zawo take sa shi, kuma zawo a ɗan zomo kisa yake yi da wuri. Burodi da biskit gari ne da sukari, suna hargitsa halittun nan na hanji. Karas ma zaƙi ne, ɗan yanki ake ba babba jefi-jefi don marmari, kuma mai yiwuwa shi ya rina fitsarin, don launin abin da zomo ya ci yakan fito a fitsarinsa ba tare da jini ba. Ta auna shi ta ce da ƙyar in ya kai sati 8, wanda shi ne lokacin da ya kamata a ce an raba shi da uwarsa. Ɗanyen ganye sai ya kai wajen sati 12, shi ma iri ɗaya a lokaci guda, kaɗan-kaɗan, ana duba kashinsa.

Na ce to me zai ci? Ta ce ciyawa. Na ce sai me? Ta ce busasshiyar ciyawa da ruwa. Kusan kashi 80 cikin 100 na abincin zomo ke nan, kullum tuli mai girman jikinsa, kar ta yanke masa dare da rana. Tunda yana tasowa, a haɗa masa da harawa kaɗan don tana da furotin da sinadarin gina ƙashi, in ya girma a rage. Ta ɗaga masa leɓe ta nuna mini haƙora. Guda 28 ne, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaban suna ƙaruwa da kamar milimita 2 duk sati. Taunar ciyawa ce take goge su. In babu ita sai su yi zaƙo-zaƙo su soki harshe da kumatu, ya kasa ci. Ba ya iya amai kuma, duk abin da ya shiga sai dai ya wuce ya fita ta baya, ciyawar ce take tura shi. In ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, kar in jira gari ya waye.

Wannan ne ya fi yi mini zafi, fiye da rigar. Na hana kaina na ciyar da shi abin kuɗi, ashe abin da yake so yana nan a bayan katanga kyauta. Sharaɗin kawai kar a yanko inda aka yi feshin magani ko bakin titi, a shanya ta bushe sarai, in ta yi fumfuna a zubar.

Ina laluben kuɗin biya sai kafson ya faɗo kan tebur ya gangara har gabanta. Ta ɗauka ta karanta. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ta ce na ba shi? Na ce ya ƙi buɗe baki. Ta ce to ya fi mu duka wayo a ɗakin nan, don irin wannan maganin in zomo ya sha ta baki yakan kashe halittun hanjin nan, shi ma ya bi su. Ta ce wa ya ba ni? Na juya. Malam yana bakin ƙofa, ya manna waya a kunne yana "Eh, eh, ina jin ka," wayar da ko ƙara ba ta yi ba.

Don in nuna ni ma ina da tunani, na tambaya ko in yi masa wanka tunda ya ɓaci. Ta ce kul. Gashinsa ba ya bushewa da wuri, tsoro da sanyi suna iya kayar da shi, tsumma mai ɗumi ya isa a goge wurin. A ajiye shi a inuwa inda iska take shiga, don zafi in ya doshi digiri 30 haɗari ne gare shi. Ruwa a kwano mai nauyi wanda ba zai kifar ba. Daga ƙarshe ta ɓare salatif ɗin tas, ta miƙo mini kwalar ta ce in jefa masa ya riƙa ciza, ta nan dai za ta yi amfani. Kuɗin dubawa kawai ta karɓa, ta ce sauran in sayi sabulu.

Na dawo da kwali manne a ƙirji don ya rufe tabon. Malam ya biyo ni yana ba ni labarin wani zomo da kakansa ya taɓa kiwo.

Zomon dai ya warware. Yana ci, yana tsalle yana murɗa jiki a iska, ya cinye kwalar, ya haɗa da wayar cajata. Tabon rigar bai fita duka ba. Malam yanzu Injiniya yake kirana, kuma a yadda yake ba da labarin, shi ya ƙwace kafson daga hannuna, likita ma ta karɓi lambarsa. Jiya ya aiko yaro wai a ba shi aron almakashi. Na ce a ce ba na nan. Yaron ya ce to, ya tsuguna yana kallon zomo, da ya gaji ya tashi ya tafi.