Masu Waldar Kano Ba Su Gaza Ba, Mu Ne Muka Gaza Musu

Wani Alhaji ya turo mini hoton ƙofar gidansa daga Kano, ya ce in nemo masa wadda ta fi ta a nan Chana. Na je wata masana'anta a Foshan, kusa da Guwanzu, na nuna wa mai wurin. Ya ja hoton da yatsu biyu har inda waldar ta taru ta yi tudu, ya kira yaransa suka gani, suka kwashe da dariya. Wallahi abin ya sosa mini rai, domin na san irin mutanen da suke yin wannan aiki.

Ba zan ɓoye ba, abin da na gani a wurin ya burge ni. Injin lesa ne dogo, an shimfiɗa masa farantin ƙarfe. Wata matashiya ta saka zane a kwamfuta, ta danna. Kan injin ya sauko amma bai taɓa ƙarfen ba. Haske ne aka tattara a ɗigo guda mai siririn gashi, yana narkar da ƙarfen, iskar naitirojin kuma tana hure narkakken ya zube ƙasa. Kafin ka ankara furanni sun fito, bakinsu sumul, babu buƙatar gogewa. A gefe wani yana walda da lesa ta hannu mai ƙarfin wat 1,500, layi ɗaya siriri, ƙarfen bai lanƙwashe ba saboda zafin ba ya bazuwa. Kowa sanye da tabarau na musamman, domin ido ba ya ganin hasken, amma yana iya makantar da mutum. A Amurka aka fara haɗa lesa a 1960, yau ga shi a biranen Jinan da Wuhan na nan Chana ake ƙera injinan ana cika duniya da su.

To amma wa ya yi aikin? Injin ne.

A kai matashiyar nan Dakata, unguwar masu walda a Kano, a ba ta tsohon ƙarfen mota daga Ƙofar Ruwa da janareta mai shaƙewa, a ce ta fitar da injin niƙa ko na casar shinkafa ba tare da zane ba. Namu kullum suna yi, a bakin titi, cikin zafin Afrilu. Na yarda akwai masu ha'inci da masu aikin gaggawa, kuma yaran da ke walda ido tsirara suna cutar kansu. Amma injin lesa yana son wuta mai layi uku wadda ba ta rawa, da na'urar sanyaya ruwa, da tulun gas. Mutumin da rabin ribarsa ke tafiya a sayen mai, da me zai riƙe wannan?

Masu kuɗinmu ne suka fi ba ni haushi. Kowane wata ina ganin kwantena cike da ƙofofi ana loda musu zuwa gida, wasu masu kuɗin kuma Turkiyya suke zuwa saye. Kuɗin da suke zubawa a nan ya isa a sayi injinan a kafa su a Sharada ko Bompai, inda tsofaffin masana'antu suke a rufe ciyawa ta cinye harabarsu, a ɗauko yaran Dakata a koya musu zanen kwamfuta. Na faɗa wa Alhaji haka a waya. Ya ce shi dai ƙofa yake so kafin bikin 'yarsa.